Manhajar da Za Ta Jure Ranar Talata

Aikin farko da ke faɗowa hannun matashin da ya karanta kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, ko a jami'ar jihar da ke garin, ba kasafai yake zama babba ba. Mai kyamis ne ke son sanin maganin da ya rage a kanta. Ko makarantar kuɗi ce ke son fitar da sakamakon ɗalibai ba tare da malamai sun kwana suna lissafi ba. Ko dillalin taki ne bashi ya yi masa yawa a hannun manoma, har ya fara manta wa ya biya, wa bai biya ba. Rubuta manhajar da za ta yi waɗannan lissafe-lissafe ba wuya, an koyar da shi a aji. Abin da ba a cika koyarwa ba shi ne yadda za a yi ta yadda akawun da zai zauna gabanta zai iya aiki da ita, mutum ashirin na tsaye a kansa, batirin kwamfuta na kuka, sabis kuma ya ɗauke.

Bari mu riƙe misali guda mu bi shi. Dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, yana shayar da gonakin rani a ƙasar Maradun da Talata Mafara da Bakura, kuma manoman wurin suna da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. A ce ɗaya daga cikinsu ta kira ka, tana son manhajar da za ta riƙe sunayen manoma, da filin kowa, da kuɗin ruwan da ya biya, ta kuma fitar da rasit.

Kada ka buɗe kwamfuta tukuna. Je ofishin ka nemi kujera kusa da akawu, ka roƙe shi ya buɗe maka babban littafin da suke rubutu a ciki. Duba jerin layukan da ya ja da biro, wanne ne farko, wanne ne na ƙarshe, domin haka hannunsa da kansa suka saba tafiya, kuma haka ya kamata guraben fom ɗinka su jeru. Sannan ka duba gefen shafi, inda ake ƙananan rubuce-rubuce: "ya ba da rabi", "ƙanensa ya biya masa", "filin haya ne", "ya rasu, 'ya'ya ke nomawa". Shugaban ƙungiya ba zai gaya maka waɗannan ba idan ka tambaye shi me yake so, zai ce maka suna da kuɗi kawai. Amma rabin aikin yana gefen shafin nan. Manhajar da ba ta karɓar rabin biya, ko ba ta yarda wani ya biya wa wani ba, mako biyu za ta yi akawu ya koma wa littafinsa, ita kuma kwamfutar a lulluɓe ta da zane saboda ƙura.

Daga nan sai shawarar da ta fi kowace nauyi: manhajar za ta zauna cikin kwamfutar ofis ne, ko a intanet za ta zauna ana shiga ta burauza? Yayin da ake ciki yanzu shi ne a ɗora komai a intanet, kuma akwai hujja, domin gyara daga nesa yana da sauƙi, kuma ko an sace kwamfuta bayanai na nan. Sai dai mutumin Zamfara bai manta da farkon Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni da yawa ba kira ba data. Masu POS sun rufe, tura kuɗi ya tsaya, kuma duk wanda littafin cinikinsa ke intanet ya wayi gari ba shi da littafi. Ko a ranakun lafiya ma, sabis ɗin ƙauyukan Maradun da Bakura ba abin jingina ba ne. Don haka ni a ganina, duk aikin da ake yi kullum, mutum na tsaye yana jiran rasit, ya kamata ya gudana cikin kwamfutar ofis ko da babu intanet sam. Ƙaramin rumbun bayanai irin SQLite ya isa riƙe manoma dubbai, fayil ɗaya ne tak, ba ya buƙatar wata saba. Intanet ɗin a bar shi ya zama na aika kwafi: in sabis ya zo manhajar ta tura abin da ta tara ita kaɗai, in bai zo ba ta ci gaba da aikinta, ta rubuta a ƙasan fuska cewa rabonta da aikawa kwana kaza.

Wuta ma haka. Yawancin kwamfutocin ofisoshinmu na hannu ne, batirinsu ya gaji, da zarar janareta ya yi tari sai su mutu. Kada ka jira akawu ya danna "Ajiye". Duk gurbin da ya cike, manhaja ta adana shi nan take, yadda in kwamfuta ta dawo za ta tarbe shi da cewa: kana cikin rajistar wane aka ɗauke wuta, ga inda ka tsaya. Kuma duk yamma in zai rufe, ta tuna masa ya sa filashi, ta kwafe fayil ɗin da kwanan wata a jikin sunansa. Filashin ya kwana a wani gida daban, ba cikin jakar kwamfutar ba. Ka kuma yi ginin kana tuna cewa fuskar da za a kalle shi a kai mai yiwuwa 1366 a 768 ce, kuma har yanzu akwai masu Windows 7 duk da Microsoft ta daina kula da ita tun Janairun 2020. Abin da ya zauna daram a babbar fuskar kwamfutarka, can sai an ja ƙasa kafin a ga maɓallin ƙarshe.

Yanzu fom, kuma a nan za mu daɗe, domin a nan manhajojin da aka kwafo daga waje suka fi cutar da mu.

Gurbin suna. Fom ɗin Bature yana tambayar sunan farko da sunan iyali, ya kuma tilasta duka biyun. Bahaushe kuwa yana da sunan yanka, da sunan mahaifi, da laƙabi, wani lokaci da sunan gari ko na sarauta, kuma wanda aka fi saninsa da shi ba lallai ne ya zama wanda ke kan katinsa ba. Dubi tsofaffin gwamnonin da suka fito daga waɗannan ƙananan hukumomi: Ahmad Sani, duk ƙasa ta fi saninsa da Yariman Bakura, Bello Muhammad na Maradun kuwa sarautarsa ta Matawalle ta zame masa suna. To haka abin yake har ƙasa. A ƙauye guda za ka samu Sani Abubakar huɗu, kuma akawu ba ya rarrabe su sai da "na Gidan Liman" ko "Mai Albasa". Saboda haka ka yi gurbi ɗaya na suna kamar yadda yake a katin ɗan ƙasa, gurbi na biyu na sunan da aka fi sani, na uku na ƙauye ko unguwa. In akawu ya nemi mutum, manhaja ta duba duka ukun.

Binciken kansa yana son dabara. Muhammad, Muhammadu, Mohammed da Mamman suna iya zama mutum ɗaya. Ɗanjuma yau, Danjuma gobe, Dan Juma jibi. Ka adana sunan yadda aka rubuta shi, da ƙugiyoyinsa, amma ka ajiye wani kwafi a ɓoye wanda aka mayar da ɗ ta zama d, ƙ ta zama k, ɓ ta zama b, aka cire tazara da waƙafin sama, aka mai da komai ƙananan baƙaƙe. Da wannan kwafin ake nema. Rumbun bayanan kuma ya kasance a tsarin UTF-8 tun ranar farko, in ba haka ba wata rana za ka buɗe ka tarar Ƙasimu ya koma alamar tambaya da "asimu".

Waƙafin sama shi ma tarko ne. Sa'idu, Mu'azu, A'isha, Isma'ila, Rabi'atu. Manhajar da aka rubuta da garaje, wadda ke manna abin da aka buga kai tsaye cikin umarnin SQL, tana tsayawa cak in ta ci karo da Sa'idu, kuma ta wannan ƙofar ce masu kutse ke shiga. Maganinsa a miƙa wa rumbun bayanai umarni daban, abin da aka buga daban, wanda kowane yaren shirye-shirye yana da hanyar yinsa. Wasu kuma maimakon su gyara sai su hana waƙafin baki ɗaya, fom ya ce wa mutum sunansa ba daidai ba ne. Wannan rashin ladabi ne, sunan da aka raɗa masa ran suna ke nan.

Lambobi: lambar waya 11 ce, NIN 11, BVN 11, lambar asusun banki 10. Ba a tara su ba a ɗebe su, don haka a matsayin rubutu za ka adana su, ba adadi ba. Wanda ya taɓa buga lambar waya a Excel ya ga yadda sifilin farko ke ɓacewa ya san abin da nake nufi. Mutum zai buga lambarsa da tazara, ko ya fara da +234, ko da sifili. Karɓi kowanne ka daidaita shi da kanka, aikin na'ura ne wannan, ba na ɗan Adam ba. Kwanan wata kuwa, mu rana muke fara rubutawa, Amurkawa wata suke farawa da shi, kuma kwamfutoci da yawa da tsarin Amurka suke zuwa. Sa watan ya fito da sunansa, 3 Afrilu, magana ta ƙare. Kada kuma ka tilasta ranar haihuwa. Dattijon da ya ce maka an haife shi shekarar da aka fara aikin dam ba ƙarya yake ba, iyakar abin da ya sani ke nan. In ka matsa, akawu zai cike 1 ga Janairu ga kowa, ka tara bayanan bogi da hannunka. Bar shekara kaɗai ta wadatar. Ma'auni ma a bar shi a bakin mutane: buhu, tiya, kwano, eka. In ana buƙatar kilo ko hekta don rahoton hukuma, manhaja ta juya a bayan fage.

Akawun da ya ƙware ba ya son ɗaga hannu daga kibod. Maɓallin Tab ya riƙa kai shi gurbi na gaba bisa tsarin littafinsa, Enter ya kammala, kuma da an fitar da rasit alamar rubutu ta koma gurbin neman suna tana jiran mutum na gaba. Wanda bai ƙware ba kuma, maus ne ke ba shi tsoro. Hukumar JAMB ta gane haka bayan ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta: ɗalibai da yawa, musamman na karkara, ranar jarrabawa ce ranar farko da suka riƙe maus. Daga 2017 sai ta ba da damar a yi komai da 'yan maɓallai, A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Wannan gyara ne da ya fito daga kallon mutane, kuma darasin ya shafi kowace manhajar ofis a Mafara.

Sauri kuma yana da ma'auni da aka daɗe da sani. Jakob Nielsen ya kawo shi a littafinsa na 1993 kan sauƙin amfani da manhaja: in na'ura ta amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum zai ji kamar nan take ne, zuwa daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai katse ba, in ta wuce daƙiƙa goma hankalinsa ya tafi wani wuri. Abin da mutum ke yi in ya danna bai ga komai ba shi ne ya sake dannawa, sai biya ɗaya ya shiga sau biyu, a wayi gari ana rantse-rantse tsakanin akawu da ma'aji. Da an danna maɓallin biya, ka kashe shi, ka rubuta "Ana aiki, dakata", kuma kowane biya ya samu lambarsa ta daban tun kafin a aika, yadda ko an aika sau uku sau ɗaya zai zauna.

Saƙon kuskure a rubuta shi kamar mutum ne ke magana. Lamba da jan rubutun Turanci ba sa gaya wa akawu komai sai cewa ya ɓata na'urar mutane, daga nan tsoro ya shige shi. Saƙo mai kyau yana faɗin abu uku a taƙaice: abin da ya faru, ko aikinsa na nan, da abin da zai yi yanzu. "Lambar wayar ta rage ɗaya, duba ta." "Firinta ba ta amsa ba. An ajiye biyan, duba waya ka sake bugawa." Kuma kada fom ya share abin da aka riga aka cike saboda gurbi ɗaya ya samu matsala. Batun gogewa kuwa, tambayar "Ka tabbata?" ba ta hana komai, domin bayan kwana uku hannu ke amsa ta, ba kai ba. Abin da ya fi shi ne kada a goge da gaske: a ɓoye, a rubuta wanda ya yi da lokacin da ya yi, a bar hanyar dawo da shi. Inda kuɗin jama'a yake, kowane ma'aikaci ya samu nasa sunan shiga. Za su so su raba kalmar sirri guda, ka yi haƙuri ka nuna musu cewa kariya ce gare su ranar da lissafi ya ƙi cika.

Wane harshe? Akawu da yawa da Turanci suka koyi kwamfuta, kuma fassarar da aka yi da ƙamus tana rikita su fiye da Turancin. Sa maɓallin sauya harshe, ka rubuta Hausar yadda ake faɗa a ofishin: Ajiye, Fasa, Nemo, Buga rasit. Amma rasit ɗin na manomi ne, shi kam da Hausa, adadin kuɗi da manyan lambobi, domin wanda ya yi karatun allo bai yi boko ba yana gane lamba sarai. Ka gwada shi a kan ainihin ƙaramar firintar da za su yi aiki da ita, mai takarda milimita 58 ko 80, saboda da yawansu ba su san alamar ₦ ba balle ƙ da ɗ. In ta ƙi, ka aika mata rasit ɗin a matsayin hoto. Rubutun irin wannan takarda yana gogewa in ya sha zafi a aljihu, don haka a bar hanyar sake bugawa, da alamar cewa kwafi ne.

Shafin intanet, in ƙungiyar ko makarantar na so, lissafinsa daban ne. Mai ziyararsa na riƙe da Tecno ko itel ko Infinix, yana tsaye cikin rana, datarsa ta 'yan ɗaruruwa ce, kuma tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a farkon 2025 kowa ya ƙara riƙe ta da kyau. Abin da ya zo nema kaɗan ne: nawa ne, yaushe ne, ina ne, wa zan kira. Su za ka sa a sama, lambar waya ta zama ana danna ta ta kira. Jawabin shugaba da hotunan ranar buɗe ofis masu zagayawa, waɗanda shugaban zai nace a sa, a kai su shafi na biyu. Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait uku zuwa biyar, alhali in an rage shi zuwa kilobait ɗari da wani abu ba wanda zai ga bambanci a fuskar waya. Rubutu mai ruwan toka a kan fari, wanda masu zane ke so, ba ya karantuwa a kasuwa da azahar. Ƙa'idar WCAG ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 a kan 1, kuma akwai kayan auna shi kyauta. Maɓalli ya yi faɗin da babban yatsan manomi zai same shi, Android ta ba da shawarar 48 a ma'auninta. Sanarwa kuma a rubuta ta a shafin, kada a ɗauki hoton takarda ko a liƙa PDF. Kafin ka ce ka gama, buɗe kayan gwaji na Chrome ka rage gudun intanet zuwa na 3G, ko ma ka hau mashin ka fita bayan gari ka buɗe shafin a wayar da ta fi kowace arha a gidanku.

Akwai wani abu da mai gina manhaja a Legas zai ɗauka batun doka ne kawai, mu kuwa a nan batun rai ne. Jerin sunayen manoma, da ƙauyukansu, da lambobin wayarsu, da buhunan shinkafar da kowa ya samu, takarda ce mai haɗari a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce kada a tara fiye da abin da aiki ke buƙata, kuma ko ba doka hankali ya faɗi haka. In kuɗin ruwa ake karɓa, ba ruwan manhaja da yawan amfanin gonar mutum. Fayil ɗin da ke filashi a kulle shi, kuma kada a riƙa yawo da jerin a zaurukan WhatsApp.

Gwaji ba ya buƙatar kuɗi. Nielsen ɗin nan ya nuna a 2000 cewa mutum biyar sun isa fito da yawancin matsalolin da ke cikin tsari. Samo akawun, da mataimakinsa, da wani dattijo cikin shugabanni, da wata ma'aikaciya in akwai, da yaron da bai taɓa ganin manhajar ba. Ba kowanne aiki na gaske: "Malam, ga wannan bawan Allah ya kawo rabin kuɗinsa, a ba shi rasit." Sai ka koma baya ka kama bakinka. Wannan ne mai wuya, domin hannunka zai yi ta ƙaiƙayi. Kada ka tambaye su ko ta yi kyau, kunya za ta sa kowa ya ce "Ai Injiniya, aiki ya yi, Allah ya ƙara basira." Idonka ya kasance kan yatsunsu. Inda mutum ya tsaya yana karanta fuska sau biyu, inda ya juyo ya kalle ka, inda ya ce "wanga fa, mi za ni danna?", nan ne aikinka na daren yau. Gyara, ka sake kiran wasu.

Ranar miƙa aiki, a bar littafin takarda ya ci gaba tare da manhajar na wata guda, ana gwada jimillar biyun kowace yamma, har sai akawu da kansa ya ce ya gaji da rubutu biyu. Rubuta bayanin aiki a shafi ɗaya, da Hausa, a manna a bango kusa da tebur. Ku yi yarjejeniyar kuɗin kulawa a rubuce tun yanzu, domin kiran dare zai zo. Sabon gyara kuma kada ka kuskura ka sa shi ran Litinin da yamma, domin gobe Talata kasuwar Mafara ke ci, manoma sun sayar da kaya, ranar ce layi ke kaiwa bakin ƙofa. Sa shi ran Laraba da safe, tsohon kwafin na cikin filashi a aljihunka, ka zauna a ofishin har a fitar da rasit goma na farko.